Masu plaza da shaguna, kafin ku sa ledar rufi a kan dakin

Jama'a masu ginin kasuwa, in za ku shimfiɗa ledar rufi a kan dakin, wato rufin kankare, ku nemi fara, tana mayar da zafin rana sosai, a zafin Afrilu za ku ga bambanci. In akwai gidan abinci a ginin to irin ledar da ake kira PVC za ku saya don maiƙo baya cinye ta, wata irin ledar kuma da ake kira TPO ta fi sauƙin kuɗi amma bata son maiƙo. Kauri kar ya gaza 1.5mm. Kuma don Allah kar a shimfiɗa PVC kai tsaye a kan tsohuwar kwalta, basa jituwa, sai an sa wani shimfiɗi a tsakani. Mai aikin ma ku tambaye shi ko yana da injin iska mai zafi na haɗa bakin ledar, yawanci ta nan yoyo ke farawa.