Yadda na shawo kan kasala bayan tiyatar rage tumbi

Ƙiba ta sauka, amma ƙarfina ma ya bi ta. In na hau bene sai na tsaya ina haki, gashi kuma cike da mataji kullum. Likita ta sa aka ɗebi jinina, sai ga shi sinadarin ayon, mai ƙara jini, da bitamin B12 duk sun yi ƙasa. Tumbin da aka rage ba ya fitar da isasshen ruwan da ke taimaka wa hanji tsotse su.

Aka ɗora ni kan allurar B12 duk wata 3. Ƙwayar ayon kuwa ina sa tazarar awa 2 tsakaninta da ta kalsiyam, domin kalsiyam na tare mata hanya. Shayi ma haka yake yi, shi ya sa nake shan ta da ruwan lemon zaƙi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cika furotin giram 60 a rana da ɗan cikin nan. Ƙwai, kifi, alale ko kindirmo nake fara ci, tuwo sai in wuri ya rage. Ruwa ina kurɓa a hankali, minti 30 bayan cin abinci.

Yanzu ina zuwa kasuwa in dawo in ɗora girki ban kwanta ba. Gwajin jini kuma ba na fashinsa.