Yadda ake fentin ƙotar gatari da shebur a jikin ƙananan samfuran motocin yaƙi

Mutum zai shafe makonni yana haɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, ya yi mata fenti tsaf, amma da ya zo kan shebur da gatari da digar da ke ɗaure a jikinta sai ya dangwali ruwan ƙasa ya shafa sau ɗaya ya wuce. Ido kuwa a nan yake fara sauka, domin ita ce kalar da ta fita daban a jikin motar.

Fara da lissafi. A ma'aunin 1/35, wato an rage girman ainihin motar sau 35, wanda aka fi haɗa motocin yaƙi da shi, ƙota mai tsawon santimita 90 ba ta kai santimita 3 ba, kaurinta kuma kusan milimita 1 ne. Layukan jikin itace a wannan girman da ƙyar ido zai kama su. Alamarsu kawai ake so. Wanda ya zauna yana zana su ɗaya bayan ɗaya, igiya zai samu a ƙarshe maimakon ƙota.

Kafin buroshi, duba hotunan ainihin motar. Sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu sukan fesa wa kayan aikin koren fentin motar gaba ɗaya, don haka ƙota mai launin itace zalla a jikin tankarsu ta Sherman ba kullum take daidai ba. A tankokin Jamus irin su Tiger da Panzer IV an fi nuna itacen a fili. Akwai tarko ɗaya a can: mariƙin almakashin yanke waya ba itace ba ne, launinsa ja-ja ne mai duhu, kada ka yi masa layuka.

Yanzu sai aiki. Kankare layin da ke bin tsawon ƙotar daga masana'anta da bayan wuƙar yanka, ka goge da samfefa mai laushi. Idan ka bar shi, fentin mai zai taru a gefensa ya tona asirinka. Sai ka yi shafin farko, wato fentin share fage da ke sa sauran fenti ya kama.

Shimfiɗa kalar tushe da fentin akirilik mai haske, launin yashi. Fenti mai lamba XF-57 na kamfanin Tamiya ya wadatar, XF-59 kuma ya fi karkata zuwa rawaya. Zaɓi wanda ya fi abin da kake so haske, don abin da zai biyo baya zai rage masa. Bar shi ya kwana.

Nan ne zuciyar aikin. Matso ɗan fentin mai irin na masu zane, Burnt Umber ko Burnt Sienna (dukansu launin ruwan ƙasa ne), a kan guntun kwali, ka bar shi kamar rabin awa kwalin ya tsotse man. Hakan na rage ƙyalli, ya kuma sa ya bushe da wuri. Shafa shi siriri a kan ƙotar duka. Za ta yi muni, kada hankalinka ya tashi. Bayan 'yan mintuna ɗauki tsohon buroshi mai taurin gashi, busasshe, ka ja shi daga kan gatarin zuwa ƙarshen ƙotar, hanya ɗaya. Goge shi a tsumma, ka sake ja. Kowane ja yana ɗebe duhun, yana barin siraran layuka da hasken tushe a tsakaninsu. Ni na fi son in kwashe mafi yawan fentin, in bar duhu kaɗan kusa da ƙarfe da inda hannu ke riƙewa, wuraren da gumi da baƙin mai ke zama. In abin ya ɓaci, jiƙa buroshi da sinadarin tsinka fentin mai ka wanke, akirilik ɗin da ke ƙasa ba zai motsa ba. Dalilin haɗa fenti iri biyu ke nan.

Sai haƙuri: kwana biyu ko uku kada yatsa ya taɓa.

In kana son ƙota sabuwa mai sheƙi, tsinka X-26 na Tamiya, fenti ne mai launin ruwan lemo da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, ka shafa sau ɗaya. Motar da ta daɗe a fagen daga ba ta buƙatarsa. Kuma kada duk ƙotocin su zama kala ɗaya. Yi wa shebur tushe mai haske, gatari mai ɗan duhu.

Kan ƙarfen a yi masa toka mai duhu, sannan a goga bakin fensir a kaifinsa kawai. Maɗauran da ke riƙe kayan kalar motar suke ɗauka. Idan ka riga ka manna kayan da gam kafin fenti, zura 'yar takarda a ƙarƙashin ƙotar, ita za ta sha kuskuren buroshi, in ka gama ka zare ta a hankali.