Yadda Ake Ɗora Taswira a Shafin Intanet da Leaflet

Leaflet kayan aiki ne na JavaScript da ake nuna taswira da shi a shafin intanet.

1. Buɗe sabon fayil na HTML. A sashen head, fara saka leaflet.css, sannan leaflet.js ya biyo baya.

2. Yi div (akwatin da taswirar za ta zauna a ciki) wanda id ɗinsa map ne, ka ba shi tsayin 400px. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe: in babu tsayi, shafin zai fito fari fat, kuma burauza ba za ta nuna kuskure ba.

3. Rubuta var map = L.map('map').setView([12.0, 8.52], 13). Wannan zai tsaida taswirar a kan Kano, 13 kuwa matakin kusantowa ne.

4. Jawo hotunan taswira daga OpenStreetMap (taswirar duniya ta kyauta a intanet) da L.tileLayer, ka rubuta sunan OpenStreetMap a ƙasan taswirar, domin lasisinsu ya wajabta hakan.

5. Dasa alama da L.marker([12.0, 8.52]).addTo(map).

A kula sosai da jerin lambobin. Leaflet na fara da latitud, GeoJSON (wani tsarin rubuta bayanan wurare) kuma da longitud. In ka juya su, alamar Kano za ta faɗa can wajen Ganye a jihar Adamawa.