Yadda Ake Zaɓen Wurin Yada Zango A Sha Shayi Ko Kofi In An Fita Da Keke A Kaduna

A Kaduna in ka ce "keke", kafin ka rufe baki wani ya fara ɗaga wa Napep hannu. To ba wannan nake nufi ba. Mai ƙafa biyu nake magana, na feda da sarƙa, wanda wasunmu ke hawa da sassafe don motsa jini, ba don babu kuɗin mota ba, ko da yake 'yan unguwa sun ƙi yarda da hakan har yau.

Tsayawa a sha abu mai ɗumi tsohuwar al'ada ce ta masu keke. A Turai ma kamfanonin kofi sun daɗe suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyin tsere. Eddy Merckx, ɗan ƙasar Beljiyam, ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta 1969 ne sanye da rigar Faema, kamfanin Italiya mai ƙera injin haɗa kofi. Mu a nan muna da teburin mai shayi, muna da masu gahawa, ga kuma sababbin shagunan kofi da ake ta buɗewa. Sai dai ba kowane wuri ne ya dace da mutumin da ya zo jiƙe da gumi, riƙe da keken da ya fi ƙarfin albashinsa na wata ba.

Mataki na farko: lokacin fitarka shi zai zaɓa maka wuri

Masu shayi sau biyu suke fitowa. Da an sallame Asuba sun hura wuta, zuwa hantsi sun kife kofuna, sai kuma bayan Magariba. Shagunan kofi na zamani akasin haka suke: da yawansu sai rana ta ɗaga suke buɗe ƙofa, su kai dare. Don haka wanda ya fita ƙarfe 6 na safe, teburin mai shayi ne nasa. Wanda ya fita bayan La'asar, yana iya ƙarewa a shagon kofi.

Yanayi ma yana da tasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, yatsu suna ƙandarewa a kan birki, abu mai zafi ya zama dole. A Maris da Afrilu kuwa, in ƙarfe 9 ta same ka a titi, ruwa da inuwa za ka nema kafin ka tuna da kofi. Da damina, duba wurin da ke da rumfar da za ta ɗauke ka kai da keken in hadari ya taso. Da azumi lissafin ya juye gaba ɗaya, sai bayan Asham.

Mataki na biyu: sa zangon a kan hanya, kada ka bar hanya don zango

In fitar ba ta wuce awa ɗaya ba, kada ka tsaya a tsakiya. Gama tukuna, ka sha a ƙarshe, kusa da gida. In kuma za ta kai awa biyu ko uku, sa zangon bayan ka ci fiye da rabin tafiya, yadda abin da ya rage ba zai yi maka nauyi ba. Alal misali, wanda ya tashi daga Dandalin Murtala ya nufi Kawo, ya juyo ta Malali, to Unguwar Rimi ce wurin tsayawarsa, ba Unguwar Sarki da zai wuce tun jikinsa bai yi ɗumi ba. Wanda ya tsallaka kogi zuwa Barnawa ko Kakuri, ya sha a can kafin ya sake hawo gada, don cunkoson shataletalen Siteshan da na Sitadiyam ba wurin shiga ba ne da yunwa.

A guji teburin da ke bakin babban titi inda tireloli ke wucewa, irin hanyar baifas ta Nnamdi Azikiwe. Ƙura za ta riga ka shan shayin. Lungu ɗaya daga titi ya wadatar. In kuma za a fita bayan gari, a tafi cikin ayari, a tambayi mutanen yankin halin da hanya ke ciki a ranar.

Mataki na uku: kafin ka duba abin sha, duba inda keken zai tsaya

Nan ne gizo ke saƙa. Sharaɗina guda ne: daga inda zan zauna, ina ganin kekena? In amsar a'a ce, ko da zuma ake haɗa kofin, na wuce.

Akwai ranar da muka je wani shagon kofi mu huɗu. Maigadi ya tare mu tun daga ƙofa.

"Yallaɓai, a kai su baya wajen janareta."

Na ce, "Baba, a bar su nan jikin tagar mana, muna ganinsu."

"Oga ya hana, wai suna ɓata gaban shago."

Ba laifinsa ba ne, umarni aka ba shi. Muka kai su baya. Na zauna cikin sanyin na'ura, an kawo kofi mai kumfa har da zanen ganye a sama, amma duk minti biyu sai na miƙe na leƙa. Ƙarshe dai a tsaye na shanye. Da muka fito, fitilar gaban ɗaya daga cikinmu ta yi ƙafa.

Kwatanta wannan da teburin mai shayi. Ka jingina keken jikin bishiyar darbejiya ko ƙarshen benci, taku biyu daga gwiwarka. Mutum 6 ne zaune, kowa ya ga wanda ya zo da shi. Ɓarawo ba ya son wurin da ido ya yi yawa. Wannan ne ya sa nake cewa a garin nan mai shayi ya fi yawancin shaguna masu gilashi sanin darajar mai keke, ko da shi bai taɓa tunanin hakan ba.

In dole sai shagon zamani, nemi mai kujeru a waje ko mai harabar da za a bari ka shigo da keken. Ka riƙa yawo da ƙaramin kwaɗo da siririyar sarƙa. Ba za su hana ƙwararren ɓarawo ba, amma za su hana mai ɗauka ya ruga. In babu kwaɗo, ga dabaru: ɗaure maɗaurin hular kwanonka ta cikin tayar baya da jikin keken, ko ka mayar da giyar keken kan mafi nauyi bayan ka tsaya, yadda wanda ya haye zai sha wuyar tayar da shi. In kuna da yawa, ku jingina su jikin juna, kan wannan wajen sirdin wancan, a sa mafi tsada a ciki. Waya, fitila da jakar kayan faci kuma su bi ka teburi.

Mataki na huɗu: ruwa, masallaci, mai faci

Wurin da ke kusa da masallaci ya haɗa abu uku: ruwa, bayi, da wurin sallah in lokaci ya kama. In kuma akwai mai faci ko mai gyaran keke a layin, ka riƙe wurin da kyau. Sai dai ka zo da famfonka, domin bakin tayar kekunan tsere siriri ne, ba kowane mai faci ke da abin da zai hau kansa ba.

Mataki na biyar: abin da za ka sha

Fara da ruwa. Ledar fiya-wata rabin lita ce, kuma mai tuƙi cikin zafi yana bukatar kamar guda a kowace awa, wani ma fiye. Sha ɗaya, cika gorarka, sannan ka yi maganar shayi.

Abin da ke wartsake mutum a kofi da shayi sinadarin kafeyin ne, shi ne kuma a cikin goro. Kofin kofi da aka dafa daga garinsa yana ɗauke da miligiram 80 zuwa 100. Na gwangwani irin Nescafe bai kai haka ba, shayi kuma wajen rabi ne. Kafeyin yana kai ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, wato wanda ka sha a zango zai yi maka aiki ne a hanyar komawa, daidai lokacin da ƙafa ta fara gunaguni. Amfaninsa ga masu wasanni sananne ne, har ya taɓa shiga jerin abubuwan da ake taƙaita wa 'yan wasa, kafin hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta cire shi a 2004.

Amma yana daɗewa a jiki. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan. Wanda ya sha kofi mai ƙarfi ƙarfe 6 na yamma, kada ya yi mamaki in sha ɗayan dare ta same shi yana ƙirga kwanon rufi. Ga babba mai lafiya, miligiram 400 a yini ne iyakar da masana ke faɗa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai gyambon ciki da mai juna biyu, su ji ta bakin likita tukuna.

A teburin mai shayi, ka faɗi abin da kake so dalla-dalla, in ba haka ba hannunsa ya saba da sukari.

"Malam, ruwan bunu za ka ba ni, sukari cokali ɗaya, a sa citta."

"Ba madara, Alhaji?"

"Sai na dawo."

Haɗin kauri, wanda ake zuba madara da Milo har cokali ya kusa tsayawa, na bayan an gama ne. A tsakiyar tafiya yana kwanciya a ciki kamar dutse. Ka tsaya ka kalli yadda yake sheƙa shayin daga wannan kofi zuwa wancan, hannu sama hannu ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba. Ba burga ba ce kawai, yana huce shi ne yadda za ka iya sha nan take, kuma mai keke ba shi da lokacin jiran shayi ya huce. In ka dace da masu gahawa ko shayin Buzaye a ƙananan kofuna, ɗaya ko biyu sun isa. Ƙanƙantar kofin kada ta ruɗe ka.

Mataki na shida: abin da za ka ci

Na taɓa cin Indomie biyu da ƙwai uku a tsakiyar fita, don na ga na kusa da ni yana ci. Hawan gadar Kawo ranar sai da na sauka na tura.

Jiki mai tuƙi yana neman abin da zai narke da wuri, kamar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi a kowace awa in tafiyar ta yi tsawo. A aikace, ayaba ɗaya ko biyu ke nan, ko dabino 4 zuwa 5, ko yankan burodi biyu. Waina biyu ba miya ma ta yi, haka kofin koko. Ƙosai yana da daɗi amma mai ya yi masa yawa, ɗanɗana uku ka bari. Ƙwai, Indomie, fura da nono, duk ka adana su sai an sauka, lokacin ne jiki ke neman abin gina tsoka.

Mataki na bakwai: shiga da zama cikin mutane

Wandon keke matsattse ne, kuma bencin mai shayi wurin dattawa ne da 'yan unguwa. Ka sa siririn dogon wando a aljihun riga ko ka ɗora gajere mai faɗi a sama. Ka yi sallama, ka cire hular kwano da tabarau, ka goge gumi kafin ka matsa kusa da mutum. Za a tambaye ka kuɗin keken, wannan babu makawa. Dariya da "Allah dai ya rufa asiri" sun ishe ka amsa. Masu takalmin da ke maƙalewa a feda su yi hattara da tayil ɗin shaguna, santsi gare shi.

Mata masu hawa keke ba kasafai za su sake a bencin mai shayi ba. In akwai su a ayari, a zaɓi shago mai haraba, ko a ɗauki filas a zauna a lambu irin Gamji, bakin kogi, inda gadar ƙafa ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take.

Riƙe canji a leda don gumi. Tiransifa tana da ranarta, amma sabis ba ya tashin ɗaukewa sai ka riga ka shanye. In ku goma ne, mutum ɗaya ya tattara oda ya biya, ku yi lissafi daga baya. Kuma kada ku mamaye benci awa guda a kan shayi uku, mutumin kasuwa yake yi.

Mataki na takwas: tashi

Minti 15 zuwa 20 ya isa zangon tsakiya. In ya wuce haka jiki ya huce, ƙafa ta yi nauyi, da hunturu kuma rigar da ta jiƙe ta fara kaɗa maka sanyi. Hirar siyasa ita ce ke cinye lokacin, ka san lokacin da za ka zame. Kafin ka hau, matsa tayoyi da yatsa, gwada birki, kwance maɗaurin hular da ka ɗaura a taya, kuma ka tuna ka bar giya a kan mai nauyi. Minti biyar na farko tafi a hankali.

In wurin ya yi maka, faɗa wa mai shi ranar da kuke fitowa da yawanku. Wanda muke tsayawa wurinsa ranar Asabar yanzu yana ajiye mana ƙarshen benci ta wajen bishiya, kuma da ya hango hulunan kwano daga kwana yake sa yaronsa ya ƙara citta a tukunya.