Kwana huɗu a Tokiyo: kurakuran da masoya anime ke ta maimaitawa

Mai son anime (fina-finan zane na Japan) da ya samu bizar Japan da 'yan kwanaki uku ko huɗu a Tokiyo, galibi tun daga gida yake ɓata tafiyarsa. Kowa ya dawo kukansa ɗaya ne da na wanda ya riga shi, har abin ya ishi mutane.

Babban cikinsu shi ne gidan tarihin Ghibli, kamfanin shirya anime, da ke Mitaka. Ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa, ko guda ɗaya. Mutum ya hau jirgin ƙasa na layin Chuo daga Shinjuku, ya yi tafiyar ƙafa ta minti goma sha biyar daga tasha, ya je ya tsaya yana roƙon mai gadi. Ba zai shiga ba, kuma rabin yini ya tafi. Ana buɗe sayar da tikitin wata mai zuwa ranar 10 ga kowane wata, ƙarfe 10 na safe agogon Japan, ta shafin Lawson Ticket. Japan na gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, wato ƙarfe 2 na dare ke nan a wurinmu. Wanda ya ce sai bayan sallar asuba zai duba, zai tarar ranaku masu kyau sun ƙare. Kuɗinsa yen 1,000 ne kacal ga babba, samunsa ne aiki. Sunan da aka sa a tikitin ya dace da na fasfo harafi da harafi, don suna iya dubawa, saboda haka kada ka sayi na 'yan bumburutu. Ranar Talata yawanci a rufe yake, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Ni dai tsarina, a fara samun wannan tikiti, sannan a jera sauran kwanaki a kansa. Kada kuma a haɗa shi da Ghibli Park: wancan yana Aichi kusa da Nagoya, sai an hau jirgin ƙasa mai gudu, yini guda yake ci.

Na biyu, Akihabara, unguwar shagunan anime. Haba jama'a, me ya kai mutum can da ƙarfe takwas na safe? Shaguna sai goma ko sha ɗaya suke buɗewa, na Mandarake da ke Nakano Broadway, can wata unguwa daban, ma sai tsakar rana, kuma zuwa takwas na dare an fara jan ƙofofi. Safiya ta Asakusa ce ko Ueno, sayayya da rana. In ka samu Lahadi, da rana ana hana motoci bin babban titin Chuo-dori, a nan hoto yake kyau.

Sai kuma injin kamun kaya, mai hannun ƙarfe da ke sauka ya cafko akwati. Wasa ɗaya yen 100, shi ya sa ake raina shi. An saita hannun ne da sanyi, yana ɗan tura akwatin kaɗan-kaɗan, baƙo kuwa bai san gefen da ake turawa ba. Kafin ya farga ya zuba yen dubu uku ko huɗu, yana cewa saura ƙiris. Wannan mutum-mutumin da yake ta fama a kansa yana nan a shagon kayan hannu na biyu, cikin kwalinsa ba a buɗe ba, sau da yawa ƙasa da abin da ya zubar. In sha'awa ce, ware yen 500, ta ƙare ka wuce. Haka ma akwatunan gilashi da ake bai wa mutane haya suna baje kayansu: kowane mai akwati da farashinsa, kaya iri ɗaya kan bambanta sosai tsakanin hawa na biyu da na huɗu. Kamar dai Kantin Kwari ne, ba a saye a rumfar farko, sai dai a nan babu ciniki. Zaga, rubuta farashi da lambar akwati, sannan ka dawo. Ka kuma lura da alamar 18 a bakin matakala, akwai benaye da kayan da ke cikinsu ba na mai kunya ba ne, balle wanda ya zo da iyali.

Abinci kuwa kada ka bari yunwa ta yanke maka hukunci. Taliyar ramen ɗin da kake gani a allo yana tururi, romonsa yawanci na ƙashin alade ne, yankan naman da ke sama ma haka. Ko wanda aka ce na kaza ne, ana iya zuba masa mirin ko sake, dukansu giyar shinkafa ce. Nemi wuraren halal tun kana gida ka sa musu alama a taswira, akwai su a Asakusa da Shin-Okubo. Don salla, akwai ɗakin salla a filayen jirgin Narita da Haneda, akwai babban masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, sannan masallacin Otsuka tasha ɗaya ne daga Ikebukuro, inda babban shagon kayan anime na Animate yake. Haɗa su rana ɗaya.

JR Pass, tikitin yawo a jiragen ƙasa na kamfanin JR, asara ce ga wanda ba zai fita Tokiyo ba. A Oktoba 2023 na kwana bakwai ya koma yen 50,000, kuma ba ya aiki a jiragen ƙarƙashin ƙasa. Katin biyan kuɗin jirgi na Suica ko Pasmo ya wadatar. Jiragen suna tsayawa wajen sha biyun dare, tasi kuwa wuta ce.

Masu zuwa matakalar wurin bautar Suga a Yotsuya, ko mahaɗar jirgi ta Kamakura, don sun gan su a anime: unguwannin mutane ne, ba filin wasa ba. Ɗauki hotonka ka ba da hanya, ban da ihu da tsayawa tsakiyar titi.

Ƙaton mutum-mutumin Gundam mai motsi na Yokohama an rufe shi tun Maris 2024, amma har yau ana sa shi cikin tsari daga tsofaffin bidiyo. Littattafan manga (labarai cikin zane) da faifan da ke shaguna da Japananci suke, galibi babu fassara. Wutarsu bolt 100 ce, soket mai baki biyu falle-falle, ka taho da adafta. Takobin kwaikwayo ba ya shiga jakar hannu a jirgi. Fasfo ya zauna a jikinka kullum, doka ce ga baƙo, kuma sai da shi ake samun rangwamen haraji. Riƙe tsabar kuɗi da sulallan yen 100 don injinan gachapon masu fito da ƙananan kayan wasa, kada ka dogara da katin naira.

Kwalayen mutum-mutumi ba su da nauyi amma suna cin wuri, don haka ka taho da rabin akwati fanko, ka kuma bar manyan sayayya zuwa yinin da ya rage saura kwana ɗaya ka tashi. Ranar tafiya ba ranar kasuwa ba ce: Narita na da nisan kimanin kilomita 60 daga tsakiyar gari, jirgin ƙasa na Skyliner daga Ueno kan ɗauki minti arba'in da 'yan kai, ban da layin awon kaya.