Sauke karatunka, ka kashe data

Jama'a, ga dabara ga mai son rage zaman Facebook da TikTok.

In ka ci karo da dogon rubutu mai amfani, buɗe shi a Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka danna kibiyar saukewa. Tara biyu ko uku, sannan ka kashe data gaba ɗaya.

Yanzu duk sanda hannu ya kai kan waya, a layin banki ko cikin adaidaita, abin da ka ajiye kaɗai zai buɗe. Bidiyo ne ke lashe data da lokaci, rubutu kuwa ɗan kaɗan yake ci.

Amma Hajiya, in kasuwancinki a WhatsApp yake, kada ki kashe da rana, mai saye ba ya jira. Ki bari sai bayan isha'i.