Darasi: Talbina da Shayin Dare ga Wanda Aka Yi wa Rasuwa

Sai 'yan ta'aziyya sun watse rashi yake fara cin mutum. Abinci ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace. Mai takaba kuwa wata 4 da kwana 10 ne a gabanta. Don haka a fara da abin da ciki zai karɓa cikin sauƙi.

Talbina kunun garin sha'ir ce. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha kan sa a dama ta idan an yi rasuwa a danginta, domin tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. A nemi garin wajen masu sayar da zuma da habbatus-sauda a Aboabo ko Asawasi da ke Kumasi, a sunsuna kafin a biya. Wanda ya kwana biyu a shago yakan yi warin tsufa.

A kwaɓa babban cokali 2 na gari da ruwan sanyi kofi 1. Wanda ya zuba garin cikin tafasasshen ruwa, gudaji zai samu. A ɗora a ƙaramar wuta, ana juyawa har minti 10 zuwa 15, don saurin kamu gare ta. In ta yi kauri kamar koko, a zuba madara rabin kofi, a sauke. Sai ta huce ake sa zuma cokali 1. Mai ciwon suga ya rage zumar, jaririn da bai kai shekara 1 ba kuwa ba a ba shi sam.

Bayan isha'i, a jiƙa ganyen na'a-na'a kamar 10 a ruwan zafi kofi 1, a rufe minti 5. Rufewar dole ce, in ba haka ba amfanin ya bi tururi. Kada a haɗa da Lipton ko ataya, su ne masu korar barcin. Kuma a zauna a sha tare da wanda aka yi wa rasuwar, kada a ajiye masa kofi a fita.

Kwalaben maganin da ake talla cikin motocin haya na trotro ko a kasuwar Kejetia, in babu lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) a jiki, a bar su. Wasu da giya aka jiƙa su.

Idan aka wuce mako 2 ba ci ba barci, a kai shi asibiti. Idan ya fara zancen kashe kansa, ranar za a tafi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.